Tun yaushe mage ta shigo gidanmu, kuma me ya sa ba ta jin magana kamar kare?

"Assalamu alaikum, likita. Ni ɗan kasuwa ne a Garwa, ina da sito na masara da dawa da gyaɗa. Ɓeraye sun addabe ni, sai maƙwabcina ya ba ni mage, amma kwana uku ta yi ta ɓace. Mahaifiyata ta ce dama mage ba ta da amana, gida take so ba mai gida ba. Yarona kuma ya ce an gaya musu a makaranta mutanen Masar har bauta mata suka yi. Shin tun yaushe mutum ya fara ajiye mage, me ya sa ba ta da biyayya irin ta kare, kuma da gaske za ta raba ni da ɓera?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Tambayoyinka uku ne: yaushe aka fara, me ya hana ta biyayya, da kuma ko za ta yi maka maganin ɓera. Duk amsarsu daga wuri ɗaya take fitowa, wato bakin rumbu. Maganar Hajiya akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, sai dai ni ba zan kira abin rashin amana ba. Akuya da tunkiya da saniya, mutum ne ya je ya kamo su ya ɗaure, ya zaɓi wadda za ta haihu da wadda za a yanka. Mage kuwa da ƙafarta ta zo, saboda akwai abin da take nema a gidanmu, kuma har yau a kan wannan sharaɗi take zaune da mu.

Kyanwar daji da rumbun farko

Duk wata magen gida da ke duniya, daga mai dogon gashin nan da ake tallata a Facebook da sunan 'yar Farisa har zuwa muzurun da ke yawo bayan mahauta, kakarsu ɗaya ce: kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda masana ke kira Felis lybica. A 2007 wani ayarin masana ƙarƙashin Carlos Driscoll ya gwada ƙwayoyin halittar kyanwoyi 979, na gida da na daji, daga ƙasashe daban-daban, aka ga duk na gida sun haɗu a wannan tsatso. Kyanwar dajin Turai ba ta ciki, kuma ita ko tun tana jaririya aka raine ta ba ta sabawa da mutum.

Wannan kaka ba baƙuwarmu ba ce. Tana nan a dazukan Waza da Benuwe na Kamaru da Zakuma na Cadi, har ma a bayan ƙauyuka da yawa. Wanda ya haske ta da tocila da dare zai ɗauka magen wani ce ta fito yawo. Abin da ke bambanta su: ƙafafunta sun fi tsawo, bayan kunnuwanta ja-ja ne kamar ƙasar jigawa, tafin ƙafarta baƙi, jelarta da zobe-zobe da baƙin ƙarshe. In ta zauna sai ta miƙe tsaye cak saboda tsawon ƙafafun gaba. Har yanzu tana barbara da magen gida su haihu, 'ya'yan ma su haihu, wanda ke nuna maka tazarar da ke tsakaninsu ba ta da yawa.

Kimanin shekara 10,000 zuwa 11,000 da suka wuce, mutanen yankin da a yau ake kira Siriya da Falasɗinu da kudancin Turkiyya da Iraƙi suka fara noman alkama da sha'ir, suka zauna wuri ɗaya, suka fara ajiyar hatsi. Inda hatsi ya kwana, ɓera ya samu gari. Inda ɓera ya yi yawa, kyanwar daji za ta leƙo. Wadda ta fi tsoron mutum ta tsaya a daji. Wadda ta iya jure hayaniyar ƙauye ta ƙoshi, ta haifi 'ya'ya da yawa, su ma suka gaji wannan juriya. Manomi bai kore ta ba, don ba ta cin hatsi, ba ta neman ciyawa, kuma tana kashe ɓarawonsa. Kare ya riga ta da nisa, ya shigo tun mutum yana farauta, aƙalla shekara 15,000 da suka wuce.

Shaida mafi tsufa da aka tono tana tsibirin Kubrus. A wani wuri da ake kira Shillourokambos an sami kabarin mutum mai kimanin shekara 9,500, an binne shi da duwatsun ado da gatari, sannan kamar santimita 40 daga gare shi ga kwarangwal ɗin kyanwa 'yar wata takwas, cikakke, an kwantar da ita da kyau. Bafaranshen masani Jean-Denis Vigne da abokan aikinsa ne suka bayyana wannan a 2004. Muhimmancin abin shi ne Kubrus ba ta da kyanwa tun asali, sai dai an ɗauko ta a jirgin ruwa. Masana sun rabu kan ko wannan ita ce kakar magen gida kai tsaye ko kuwa kyanwar daji ce da aka saba da ita. Wani bincike da aka buga a 2025 ya ƙara wa Afirka nauyi, don ya nuna magen gida ba ta isa Turai ba sai kimanin shekara 2,000 da suka wuce, kuma daga Arewacin Afirka ta tsallaka. A Sin ma an yi irin wannan zama shekara 5,300 baya, tsakanin manoman gero da wata kyanwar daji mai ɗigo-ɗigo ta can, amma wannan zumunci bai ɗore ba.

Masar: gaskiyar maganar yaronka

Yaronka bai yi ƙarya ba, amma labarin ya fi abin da aka gaya musu ɗaci. Masar ƙasar rumbuna ce, ga ɓera ga maciji, don haka mage ta samu daraja da wuri. A zanen kabarin wani ma'aikaci mai suna Nebamun, na wajen shekara ta 1350 kafin haihuwar Annabi Isa, ana ganin mage a gefen kwalekwale tana kama tsuntsaye tare da iyalin gidan. A wasu zane-zanen tana zaune ƙarƙashin kujerar uwargida. Sunanta a harshensu "miu", daga kukanta. Suna da gunkiya mai suna Bastet, wadda suke siffantawa da jikin mace da kan mage, babban ɗakin bautarta yana Bubastis, kusa da garin Zagazig na yanzu. Bagirken marubuci Herodotus ya ce in mage ta mutu a gida, mutanen gidan aske girarsu suke yi don makoki. Wani marubucin, Diodorus, ya ba da labarin Barumen da ya kashe mage bisa kuskure, jama'a suka far masa, ko jakadun sarki ba su iya cetonsa ba.

To amma ga ɗaya gefen. Masu ziyarar ɗakunan bauta sukan sayi gawar mage da aka busar aka naɗe da ƙyalle, su miƙa ta hadaya. Buƙata ta yi yawa har ta zama sana'a. Da aka haska irin waɗannan gawarwaki da na'urar hoton ƙashi, sai aka ga da yawansu ƙanana ne, ba su kai shekara ba, kuma an karya musu wuya. Kiwonsu ake yi don a kashe a sayar. Wasu ƙunshin ma da aka duba, 'yan ƙasusuwa ne kawai a ciki, ko babu komai. Algus ba yau aka fara shi ba. A 1888 wani manomi a Bani Hasan ya faɗa kan ramin da ke cike da su, aka loda kimanin tan 19 zuwa Libaful a Ingila, aka yi gwanjonsu a 1890 aka niƙa aka zuba a gona a matsayin taki.

Daga Masar da sauran gaɓar Arewacin Afirka jiragen fatake suka yaɗa ta, domin jirgin da ke ɗauke da hatsi ba ya rabuwa da ɓera. An tono ƙasusuwan zuriyarta har a tashar jiragen ruwa ta Ralswiek a arewacin Jamus. A duk wannan tafiya ba wanda ya damu da zaɓar mata miji ko launi. Yawancin nau'o'in da ake taƙama da su yau ba su kai shekara 200 ba. Baje kolin maguna na farko mai suna an yi shi a Landan a 1871.

Matsayinta a wurinmu

Abin da ya fi shafar yadda muke zaune da ita a nan shi ne Musulunci. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Kabsha, matar ɗan Abu Ƙatada, ta zuba wa surukinta ruwan alwala, sai mage ta zo, ya karkata mata ƙwaryar har ta sha. Da ya ga Kabsha tana kallonsa da mamaki, sai ya gaya mata Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce mage ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-da-kawo a tsakaninmu. Lura da siffar: mai kai-da-kawo, mai shiga da fita. Daidai take da abin da masu tonon ƙasa suka gano daga baya. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Sahabi Abu Huraira daga 'yar kyanwar da yake ɗauka ya samu laƙabinsa. A Alƙahira, Sarki Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin lambu don ciyar da magunan da ba su da mai su. Labarin da ke yawo a WhatsApp na wata mage mai suna Mu'izza da aka yanke hannun riga don kada a tashe ta daga barci kuwa, ba ya cikin ingantattun littattafan hadisi. Maganar halaccin sayar da ita akwai saɓanin malamai, kuma wannan fagensu ne, su za ka tambaya.

Duk da haka a unguwanninmu baƙar mage tana shan jifa, wai mayya ce ko aljani. Hadisin Kabsha bai ware launi ba, kuma a teburin likita baƙin gashi gado ne kawai, uwa ɗaya kan haifi baƙa da ja da mai roɗi-roɗi a ciki guda. Turawa ma sun yi wannan camfi ƙarnuka da dama, har da ƙona maguna a bukukuwa. Amma zancen cewa kashe su ne ya jawo annobar da ta cinye Turai daga 1347 ba shi da tushe, don annobar ta yi wa Alƙahira mummunar ɓarna alhali magunanta suna nan birjik.

Kowace al'umma a nan tana da sunanta: mu mage ko kyanwa ko mussa, Fulani paatu, Larabawan Cadi bisse. Karin maganarmu ma ya san halinta. "Mage mai kwanciyar ɗaukar rai" bayanin salon farautarta ne tsaf: ta lafe, ta jira, ta yi tsalle ɗaya.

Me ya sa ba ta jin magana

Kakan kare kyarkeci ne, mai farauta a ayari, mai lura da fuskar ɗan'uwansa. Da mutum ya same shi sai ya shiga matsayin ayarin. Kyanwar daji ita kaɗai take farauta, kuma rayuwarta ta dogara ga yankin da ta sani lungu-lungu: ina ramin ɓera, ina mafaka, ina ruwa. Tana shata iyakarta da ƙamshi, ta goga kumatu a bango, ta karci itace, muzuru ya fesa fitsari. In ka ɗauke ta daga wannan yanki ka ajiye a sito, kamar ka sauke mutum ne da dare a garin da bai san kowa ba. Abin da ya faru da taka ke nan, kuma ba zan yi mamaki ba in ka leƙa gidan maƙwabcin ka tarar da ita. Babbar mage tana iya komawa tsohon gidanta daga nisan kilomita da dama.

Amma tana sanin mai ita. Manyan maguna ba su cika yi wa juna "miyau" ba, mutum suke yi wa, kuma kukan ta gida ya fi na ta daji gajarta da zaƙi a kunnenmu. In ta nufo ka da jela a miƙe sama, gaisuwa ce. In ta kalle ka ta lumshe ido a hankali, ta saki jiki da kai. Wani gwaji a Japan a 2019 ya nuna tana bambance sunanta da sauran kalmomi. Amsawa ce sai ta ga dama. Duka da tsawa ba sa koya mata komai sai gudun mai dukan.

Mabuɗin sabonta da mutum yana cikin makonni biyu zuwa bakwai na farkon rayuwarta. 'Yar kyanwar da hannu ya taɓa a wannan tsakani, ko da minti kaɗan ne kullum, za ta tashi da son mutane. Wadda ta wuce wannan lokaci a cikin kango ba ta ga mutum ba, da wuya ta saba har ta mutu, ko da kuwa uwarta 'yar ɗaki ce.

Batun sitonka

Kada ka sake karɓar babba. Nemi ƙanana biyu 'yan uwa ɗaya, masu mako takwas zuwa goma sha biyu, daga uwar da aka san tana kamu, don a wurin uwa suke goge farauta. Ka tsare su mako biyu zuwa uku a ɗaki mai iska kusa da siton, da ruwa, da abinci, da kwanon yashi can nesa da abincin, a riƙa kwashe shi kullum. Ranar da za ka fara sakinsu, ka buɗe ƙofa kafin lokacin abinci, don yunwa ta dawo da su. Kada a kulle su cikin sito mai rufin kwano a watan Maris ko Afrilu. Zafin Garwa na wuce digiri 40 a inuwa, balle ƙarƙashin kwano.

Kuskuren da muka fi gani shi ne a hana ta abinci wai don ta yi kamu. Mage mai kilo uku zuwa huɗu tana buƙatar kamar ƙananan ɓeraye bakwai zuwa goma a rana in da su kaɗai za ta rayu. In ba ta samu ba, sai ta koma inda ake jefa mata ƙashi, ko ta faɗa wa tsakin maƙwabta. Farauta ɗabi'arta ce, ko a ƙoshe take za ta yi. Ka ba ta sau biyu a rana, kuma ka tuna mai cin nama ce zalla: jikinta na buƙatar wani sinadari, taurin, da ba ya cikin tuwo ko shinkafa, rashinsa kan makantar da ita ya kuma raunana zuciya. Dafaffen kifi, kan kaza, 'yan tarkacen mahauta da aka tafasa, dafaffen ƙwai, su ne abincinta, tuwo kuwa ɗan ƙari ne. Miya mai albasa da tafarnuwa tana lalata mata jini. Madara da yawa tana sa babbar mage zawo.

Sai dai fa kada ka ɗora mata abin da ba za ta iya ba. Ƙaramin ɓera mai giram 20 zuwa 60 abincinta ne. Ƙaton ɓera kuwa yawancin maguna kallo suke binsa da shi, gafiya ma ba a magana. A Niyok an sa kyamara kwana 79 a wata ma'ajiyar shara mai ɓeraye kusan 150 da maguna biyar, biyu kacal aka ga sun kashe. Amfaninta mafi girma shi ne tsoro: ƙamshinta yana hana ɓera sakewa. Wani bincike a gidaje 40 na karkarar Siwazilan (Eswatini a yanzu) a 2017 ya nuna zirga-zirgar ɓera ta fi raguwa a gidan da ke da mage da kare tare. Ga shi kuma ɓeran gonakinmu, mai nonuwa da yawa, yana haifan goma ko fiye a ciki ɗaya, don haka bayan girbin masakwa yawansa ya fi ƙarfin mage biyu.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙaramin ɓera yana wucewa ta ramin da biro zai shiga, milimita shida zuwa bakwai. Toshe da siminti, sa wa ƙasan ƙofa faifan ƙarfe, sa wa taga ragar waya. Ɗora buhuna kan katako, santimita 15 daga ƙasa, rabin mita daga bango, don magen ta samu hanyar zagayawa kai ma ka ga kashin ɓera da wuri. Share zubabben hatsi kowace yamma. In za ka sa gubar ɓera, to ka zaɓa tsakaninta da mage, don magen da ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma tana iya mutuwa, sau da yawa bayan kwanaki, jini na tsiyaya a cikinta ba a gani. Tarko ya fi dacewa da gidan da ke da mage. Ranar da za ka jefa ƙwayar hayaƙi irin Phostoxin cikin buhuna, a fitar da su nesa, kada su dawo sai an buɗe siton ya sha iska sosai.

Lafiyarta da ta iyalinka

Abu biyu ne suka fi kashe maguna a hannun masu son su. Na farko farasitamol: ko gutsuren ƙwaya ɗaya yana iya kashe ta, za ka ga fuska ta kumbura, dasashi ya koma ruwan ƙasa, numfashi na sama-sama. Na biyu shafa mata maganin feshin auduga ko maganin kaskar shanu don kashe ƙuma. Hantarta ba ta iya sarrafa su, sai rawar jiki da farfaɗiya. In hakan ta faru a wanke ta da sabulu da ruwa mai ɗumi nan take a garzaya wurin likitan dabbobi.

A yi mata allurar haukan kare tana wata uku, a maimaita yadda likita ya tsara, don ita ma tana kamuwa tana kuma yaɗawa. Wanda mage ta ciza ko ta yakusa har jini ya fito, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, ya je asibiti a ranar, musamman in baƙuwar mage ce ko halinta ya canja. Maganin tsutsar ciki duk wata uku. Mace mai ciki kada ta kwashe kashin mage, kuma a rufe yashin da yara ke wasa a kai.

Macen mage tana iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu zuwa shida, cikinta kwana 63 zuwa 65, ta haihu sau biyu ko uku a shekara, kamar huɗu-huɗu. In ba ka shirya wa wannan ba, ka ɗauki maza biyu a fiɗiye su suna wata biyar zuwa shida. Fiɗiya ba ta rage kamu, yawon dare da faɗa da fesa fitsari kan buhuna take ragewa.

Ga 'yan'uwanmu na bakin kogunan Shari da Lagone, daga Injamena zuwa Bongor da Yagwa, akwai ƙarin abu ɗaya. Kurkunu, wanda ya kusa ƙarewa a jikin mutane, ya samu mafaka a karnuka da magunan wannan yanki, kuma abin da aka fi zargi shi ne ɗanyen kayan cikin kifi da ake watsa musu lokacin kamun kifi. A tafasa kafin a ba su, sauran a binne da zurfi. Wanda ya ga farin zare yana fitowa daga ƙafar magensa, ya tsare ta kada ta kusanci ruwa, kada ya ja zaren da ƙarfi ya tsinke, ya sanar da ma'aikatan lafiya mafi kusa a ranar.